Za a hana injin hura ganye na fetur a gundumarmu: wa ya taɓa kwashe ganyen kaka da batir zalla?

Mai_Tirela

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga wannan lamari.

Shekara 9 ke nan ina sana'ar gyaran harabar gidaje a nan Amurka. Ni da ƙanena ne, da fikof ɗaya da tirela. Gidaje 31 muke zagayawa duk mako, mu yanke ciyawa, mu datse gefe, mu aske shinge, in kaka ta shigo mu kwashe ganye. Yanzu gundumar da muke aiki ta zartar da dokar hana amfani da injin hura ganye na fetur, kuma kafin wata kakar za ta fara aiki. Ba a taɓa injin yankan ciyawa ba tukuna, amma kowa ya san inda aka dosa.

Ban zauna jiran ranar ba. A Nuwamban da ya wuce na sayi ƙaramin na batir, irin na riƙewa a hannu, da batir biyu, don in gwada da kaina. A busasshiyar farfajiya da kan siminti ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Matsalar ta fito ne a wani gida mai manyan itatuwa shida, ranar da aka kwana ana ruwa. Ganyen ya manne da ciyawa kamar an shafa masa gam. Na danna maɓallin ƙarfi na ƙarshe na riƙe, minti 15 fitilar batirin ta koma ja. Na sa na biyu, shi ma haka. Ko kashi ɗaya cikin uku na harabar ban gama ba, ga gidaje biyar suna jirana a ranar. Na koma tirela na goya na fetur, na ja igiya, na ƙarasa aikin.

Sai dai akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar. A cikin wannan rabin awar, ƙanena ya kira ni daga bayan gidan kuma na ji shi sarai. Shekara da shekaru sai dai ya zo ya dafa kafaɗata. Kunnena na hagu ya daɗe yana min ƙara da dare in gari ya yi tsit, kuma matata ta sha cewa na cika ƙure sautin talabijin. Saboda haka ba faɗa nake da dokar ba. Tsorona shi ne yadda zan ciyar da gida biyu a watannin Oktoba da Nuwamba, don a nan ne kuɗin shekarar yake.

Batir nawa mutum yake buƙata a yini ɗaya na kaka? A ina ake cajin su duka? Kuma akwai wanda ya yi wannan sauyin bai rasa kwastomominsa ba?

Injiniyan_Wuta

Wa alaikumus salam. Malam, batirinka lafiyarsa ƙalau, lissafi ne ya kama shi. Duba jikinsa, za ka ga bolt da amfiya-awa. Ka ninka su, shi ne ƙarfin da ke ciki. Misali mai bolt 56 da amfiya-awa 5 yana ɗauke da kamar wat-awa 280. Injin huri mai ƙarfi in an ƙure shi yana jan wajen wat 1,000, wato minti 16 zuwa 17 ya shanye wannan batirin. Abin da ka gani ke nan. Irin wannan an yi shi ne don mai gida ɗaya ya share ƙofarsa ranar Asabar.

Na masu sana'a batirin goyo ne. Babban na kamfanin Stihl ya kai wat-awa 1,500, ka ga awa ɗaya da rabi ke nan a irin wancan jan, ya kuma fi haka in ba ka ƙure shi ba. Ka shirya ma wannan: batirin ya fi injin kansa tsada.

Kar kuma wani ya ce maka ƙarfinsu ɗaya. Galan ɗaya na fetur yana ɗauke da kusan kilowat-awa 33. Ko da yake ƙaramin inji ba ya mayar da ko rubu'insa aiki, sauran zafi ne da hayaƙi, duk da haka manyan na goyo suna fitar da wajen kilowat 3. A jiƙaƙƙen ganye har yau su ne a gaba.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka auna mintin da yatsanka ke kan maƙunnin injin a yini. Ba lokacin da ka yi a gidan ba, lokacin huri kawai. Na fetur yakan zauna yana guri a bayanka kana tafiya, sai ka ɗauka aiki yake. Na batir da ka saki ya tsaya.

Caji kuma: soket na gidajen nan bolt 120 ne, layin galibi amfiya 15, wato wat 1,800, kuma ba a so abin da zai daɗe yana ja ya wuce wat 1,440. Manyan caja biyu sun ishi layi ɗaya, na uku zai iya katse wutar da tsakar dare ka tashi ka tarar da batir wayam. Ka kira mai wuta ya ja maka layi na musamman a gareji. Kuɗin wutar kanta ba abin damuwa ba ne, kilowat-awa 4 bai kai dala 1 ba a yawancin jihohi.

Baba_Mai_Lambu

Ɗana, ni a Kalifoniya nake, kuma na fi shekara 20 a wannan sana'a. Mu aka fara da mu. Birnin Los Angeles ya hana hura ganye da injin fetur kusa da gidajen mutane tun 1998, ko da yake ba a cika bin dokar ba. A Oktoban 2021 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 1346, wadda ta ce ƙananan injuna sababbi, daga ƙirar 2024, kada su fitar da hayaƙi. Janareta aka ɗaga wa ƙafa zuwa 2028. Sayar da sabo ta hana, ba ta ƙwace tsohon da ke hannunka ba, kuma an ware dala miliyan 30 don taimaka wa ƙananan masu sana'a su sauya. Ka karanta taku da kyau, don kowace da irin tata. Ta birnin Washington ta hana sayarwa da amfani duka tun 1 ga Janairun 2022, tarar tana kaiwa dala 500. Gundumar Montgomery a Maryland ta fara da hana sayarwa a Yulin 2024, sai amfani a Yulin 2025. Ka kuma tambaya ko akwai tallafin sauya inji a wajenku kafin ka saya, don wasu sai ka cika takarda tukuna.

Kuskuren da na yi da farko shi ne irin naka. Na so sabon injin ya yi min aikin tsohon, a yadda na saba. Bai yi ba, sai da na sake tsarin aikin.

Yanzu in ganye bai yi kauri ba, ba na hura shi sam. Na sa wa injin yankan ciyawa wuƙar niƙa, in bi ta kai sau biyu, ya zama gari ya shige ƙarƙashin ciyawa ya zama taki. Inda ya taru da yawa ko ya jiƙe, manjagara da tamfol ne: mutum ɗaya ya tara, ɗaya ya ja zuwa mota. Za ka yi mamakin saurinsu a jiƙaƙƙen ganye, don shi nauyi gare shi, iska ba ta son ɗaga shi ko da ta fetur ce. Injin huri ya koma na ƙarashe, hanyar mota da matakala da ƙarƙashin shinge. Da haka batirin goyo biyu suke kai ni yamma.

Kwastomomi kuwa na zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Na ce a kaka zan riƙa zuwa a kai a kai kafin ganye ya taru, ranar da aka kwana ana ruwa zan ɗaga, kuma kuɗin kaka zai ɗan hau. Biyu sun tafi. Wasu sun zo daga baya, masu aiki daga gida waɗanda ƙara ta ishe su.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka tara kaya daga kamfani uku. Batirin wannan ba ya shiga injin wancan. Ka zaɓi ɗaya mai dila kusa da kai, ka fara da injin datse gefe da na aske shinge, don su ba su da matsala da batir ko kaɗan. Ni dai rabona da wanke kafireta da canza fulogi da auna baƙin mai a jarka har na manta.

Nas_Mai_Dare

Ƙanena, maganar kunnenka ce ta sa na tsaya rubutu. Don Allah ka je a auna maka ji a wannan watan, kada ka bari sai bayan kaka.

Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar iyakar desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 8. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya ragu rabi. A 94 awa ɗaya ne, a 100 minti 15. Manyan injunan goyo na fetur suna kaiwa wajen 100 a kunnen mai goyon su, kai kuma yini kake da shi. Ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Abin da ya rage ne ake karewa. Ko ka koma batir kada ka ajiye abin toshe kunne, na batir ma yana da ƙararsa, kuma ka sa wa ƙanenka ido a kan haka tun nasa bai fara ba.

Ga hayaƙin. Injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ya ƙone man duka, wani kaso yana fita ta salansa ɗanye, ita kuma salansar a bayanka take. Hukumar kula da iska ta Kalifoniya ta ƙiyasta cewa awa ɗaya da injin hura ganye na masu sana'a yana fitar da sinadaran da ke haddasa gurɓataccen hazo daidai da tuƙa mota mil 1,100, kamar daga Los Angeles zuwa Denver.

Ni aikin dare nake yi, da safe nake kwanciya. Gurin na fetur yana ratsa bango da rufaffiyar taga, sai in ji shi a ƙirjina. Amma duk ranar da na leƙa na ga yaron da ke goye da shi ba ko abin toshe kunne, sai haushina ya koma tausayi. Ni minti 20 nake sha, shi har yamma.

Direban_Houston

Ni ban yarda da hanin ba, kuma ba don ban damu da lafiyar kowa ba. In kayan batir sun fi, mutane za su saya da kansu, kamar yadda masu gidaje da yawa suka riga suka yi. Babban kamfani mai motoci 40 zai sayi batir ya zuba kuɗin a kan kwastoma. Mai tirela ɗaya shi ne zai ci bashi, kuma batir ba ya dawwama, bayan wasu shekaru sai an sake. A nan Texas an yi doka a 2023 da ta hana birane haramta inji saboda irin man da yake sha, Jojiya ma ta yi makamanciyarta a shekarar game da injin hura ganye. Malam Mai_Tirela, kada ka sayar da na feturinka da araha. In kana da gidaje a wajen gundumar, zai yi maka amfani.

Mai_Tirela

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri.

Injiniya, na bi shawararka. Ba kaka ba ce yanzu, amma ina rubuta aikin kowane gida a littafi, sai muka zauna da ƙanena muka bi na Nuwamba gida gida. A yini mafi nauyi huri bai wuce awa 4 ba, kuma kusan rabi a gidaje huɗu ne masu manyan itatuwa. Ni da a ce an tambaye ni, da na ce awa 7.

Baba, waɗannan gidaje huɗun su zan fara zama da su. Na riga na yi odar wuƙar niƙa da tamfol biyu. Zan sayi batirin goyo ɗaya yanzu in saba da shi a bazara, na biyu sai na ji batun tallafi.

Anti Nas, na karɓi ranar ganin likitan kunne, har da ƙanena.

Malam Direba, maganarka ta bashi gaskiya ce, ita ce ke hana ni barci. Gidaje uku ne kawai nake da su a wajen gundumar, zan riƙe injin fetur ɗaya saboda su, ɗayan in sayar.

Saura tambaya ɗaya. Garejina ba shi da na'urar ɗumama, a Janairu ruwa yana daskarewa a ciki. In bar batiran a can?

Injiniyan_Wuta

A'a, ka shigo da su ciki. Batirin litiyom ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarewar ruwa, yana lalata shi, caja masu kyau ma ƙin karɓa suke yi sai ya ɗumama. In za ka ajiye su duk hunturu, ka bar su da kamar rabin caji, a busasshen wuri, nesa da hita da jarkar fetur, ka duba su sau ɗaya a wata. A lokacin zafi kuma kada su yini a rufaffiyar tirela cikin rana. Wanda ya faɗi ya tsage ko ya kumbura kada ka sake sa shi a caja, ka kai shi wurin karɓar tsofaffin batir. Ka kuma sa na'urar jin hayaƙi a ɗakin da kake caji.