Tambaya kan hoton makaɗin da Whistler ya zana a 1859

Malama Hadiza, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin zane a wata sakandare a nan Kano, kuma a wani tsohon littafi da na saya a Sabon Gari na ci karo da hoton Just Becquet, wanda James Whistler ya yi a 1859. An tsananta aiki a fuskar mutumin da gashinsa, amma babban gogen Turawan da yake riƙe da shi, wato selo, 'yan layuka ne kawai. Ɗalibaina sun ce aikin bai kammala ba, ni kuwa zuciyata ta ƙi amincewa. Mene ne gaskiyar lamarin?

Malam Auwalu, Fagge:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara bayyana musu cewa ba a takarda aka zana shi ba, a farantin jan ƙarfe ne. Ana shafe farantin da kaki, a yi zane da allura, a tsoma shi a ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta buɗe, sannan a cusa tawada, a goge saman, a danna takarda mai ɗan laima. A wannan hoton Whistler ya kuma karci ƙarfen kai tsaye, kuma ɓarɓashin da ke tashi a gefen kartar shi ne yake riƙe tawada har gashin ya yi wannan duhu mai laushi. Wanda ya jure irin wannan wahala a fuska, ba kasala ce ta hana shi ƙarasa selon ba, domin haka ya fitar da shi cikin jerin zane 16 da aka buga a Landan a 1871.

Alhaji Garba, Yakasai:
'Yata, ni ban san aikin jan ƙarfe ba, amma na daɗe ina kallon masu goge da kukuma a wajen biki. Idan kiɗa ya ratsa makaɗi, fuskarsa ake kallo, hannu da izga kuwa ido ba ya iya tsayar da su. A ganina abin da mai zanen ya kama ke nan, kuma ya kyauta ƙwarai.

Malam Auwalu, Fagge:
Haka ne, Baba. Becquet ma asalinsa mai sassaƙa ne daga Besançon a Faransa, kiɗan kuwa sha'awa ce, kuma abokin Whistler ne, shi ya sa zamansa babu taƙama.

Malama Hadiza, Gwammaja:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan rufe selon da tafin hannuna a gaban aji, in tambaye su ko har yanzu suna ganin mutumin yana kiɗa.