Neman shawara kan sauya leza a na'urar MALDI

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a na'urarmu ta MALDI, wadda ke amfani da hasken leza wajen auna nauyin ƙwayoyin sinadarai. Tun da muka bar lezar naitirojin mai tsawon zangon haske nanomita 337 muka koma lezar Nd:YAG mai nanomita 355, alamar da na'urar ke nunawa ta feftayid ɗinmu (guntayen furotin) masu ɗauke da fosfet ta dushe. Idan na gauraya samfurin da CHCA, ɗaya daga cikin sinadaran da ake haɗa samfuri da su don su zuƙi hasken lezar, sai fosfet ɗin ya ɓalle, nauyin feftayid ɗin ya ragu da dalton 98 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari). Idan kuwa da ɗaya sinadarin, DHB, na gauraya shi, sai ya daskare kamar allurai a gefen ɗigon samfurin, in yi ta lalube kafin in dace da wuri mai kyau. Shin yadda sinadaran biyu suke zuƙar hasken ne ya bambanta, ko kuwa ƙarfin lezar ya kamata in rage?