Ta yaya ake gane wanda ya iya kod da gaske kafin a ɗauke shi aiki?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna da ɗan ƙaramin kamfani a Kano, muna yi wa makarantun kuɗi manhajar sakamakon jarrabawa da ta biyan kuɗin makaranta, da Laravel (wani tsarin gina manhaja da yaren kod na PHP) muke aiki. Yanzu aikin ya fi ƙarfinmu muna so mu ƙara hannu. Takardun neman aiki kam sun shigo jingim, kowa ya rubuta ya iya PHP ya iya JavaScript ya iya Python, wani da satifiket ɗin 3MTT (shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani) wani da digiri, amma a takarda ai duk ɗaya suke. Wani ya ce in tura musu gwajin HackerRank (shafin intanet na gwada masu kod) kawai in ɗauki masu maki sama. Don Allah waɗanda suka saba ɗaukar ma'aikata ku ba ni shawara, ba na so in zalunci yaro mai ƙoƙari kuma ba na so in ɗauko wanda zai jagwalgwala mana bayanan kuɗin mutane.

Injiniya_Tudunwada:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai fara da tankaɗe tukuna. Akwai wani tsohon gwaji da ake ce wa FizzBuzz, ya yi suna tun 2007 da wani masanin kod Jeff Atwood ya yi rubutu a kai: mutum ya jero lambobi daga 1 zuwa 100, wadda 3 ke rabawa ya rubuta Fizz, wadda 5 ke rabawa Buzz, wadda duka biyun ke rabawa FizzBuzz. Minti goma ya isa, wanda ya kasa wannan ba sai ka ɓata lokacinka da nasa ba.

Amma HackerRank da takwaransa LeetCode gaskiya ban ba ka goyon baya ba a irin aikinka. Abin da suke aunawa shi ne wa ya zauna ya haddace lissafin algoridim, wato dabarun warware matsala a kod. A 2015 Max Howell, mutumin da ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da masu kwamfutar Mac ke amfani da ita, ya fito ya ce Google ba su ɗauke shi ba saboda ya kasa wata tambaya irin wannan a allo. To kai da matsalarka rasit ne da makin ɗalibai, me zai kai ka can?

Maman_Sudais:
Malam Abban Hanifa ka ba su aikinku na gaske. Ɗauko wani yanki na manhajarku ka cire bayanan makarantu, ka dasa kuskure biyu ko uku da gangan, ka zaunar da mutum a ofis da laftof da intanet ka ce ya gyara. Misali Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, da kwabo yake karɓar adadi ba da naira ba, wato sai an ninka da 100, kuma saƙon tabbatar da biya da yake turo wa sabarku (kwamfutar da manhajarku ke kai) zai iya zuwa fiye da sau ɗaya, in mutum bai yi tanadin haka ba sai a rubuta wa uba ɗaya ya biya sau biyu, ranar da akanta zai haɗa lissafi a rasa inda kuɗi suka shiga. Wanda ya tsaya ya tambaye ka "in saƙon ya sake zuwa fa?" tun ba ka faɗa masa ba, wallahi ka riƙe shi da kyau.

Kuma ka lura da yadda yake yi in ya maƙale. Yana karanta saƙon kuskuren ko goge-goge kawai yake? Yana iya buɗe baki ya ce ban gane nan ba? Wannan ya fi min komai muhimmanci, don mai ɓoye matsala sai ranar da makaranta za ta raba sakamako za ka sani.

Abban_Hanifa:
Na gode Hajiya. To in na ba su su tafi da shi gida su kawo bayan kwana uku fa? Ofishinmu ƙarami ne.

dan_zariya_py:
oga in ka ba su gida ChatGPT ne zai yi maka jarrabawar. ni ba na hana kowa amfani da shi tunda a aiki ma muna yi, amma in ya kawo ka zauna da shi rabin awa ka ce ya bayyana maka layi layi, sannan ka canza sharaɗi a gabansa, ka ce yanzu makarantar ta yarda a biya rabi rabi, gyara mu gani. nan take za ka gane wa ya rubuta da kansa. sannan aikin gida yana cutar wanda unguwarsu babu wuta ga tsadar data, in dole ne kar ya wuce na awa uku kuma ka ba shi ko na data da na mota, ya ji ba kyauta ya yi maka aiki ba.

GitHub, shafin da masu kod ke ajiye ayyukansu, ma ka duba amma kar ka yanke hukunci da shi, da yawa ayyukan da suka yi wa kamfanoni a rufe suke ba a yarda su nuna ba. in ofis ya yi kaɗan ka kira su ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu a rana ma ya isa.