Kanumfari a daren ciwon haƙori: kowa ya faɗi yadda ta kaya da shi

Malamar firamare, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buɗe wannan zance ne saboda mahaifiyata, wadda yau kwana tara ke nan tana fama da turmin haƙorinta na sama, kuma ta ƙi yarda mu kai ta asibiti domin ta ce kanumfari ya ishe ta. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta ajiye a baki har ta yi laushi, sannan ta ɗan tauna ta da haƙoran gaba, ta tura ta cikin kogon da harshe. Da idona na ga yana aiki: matar da ke dafe da kunci tana salati, kafin a idar da sallar isha'i sai ta saki fuska har ta ce a ɗumama mata tuwo. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a kwanakin farko ƙwaya ɗaya takan kai ta asuba, yanzu kuwa sau uku take tashi cikin dare tana laluben ƙullin da ke bakin zanenta. Babban tsoronta shi ne abin da ta ji tun tana yarinya, wai cire haƙorin sama yana taɓa ido. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labarinsa.

Direban babbar mota, Maraɗi

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Shekarun baya, lokacin da nake ɗaukar kaya tsakanin Maraɗi da Kwatano, haƙorina na ƙasa ya fara zogi, kuma da yake mai tuƙi ba shi da ranar zama a layin asibiti, sai na cika kwalin ashana da kanumfari na ajiye a gaban mota. Na yi kusan wata biyu a haka. Wata safiya na tashi ciwon ya ɗauke ɗif, na yi hamdala, har na shaida wa yaron motata cewa na warke. Ba a yi kwana goma ba haɓata ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ni a garin Paraku na ƙasar Benin, haɗiyar yawu ma ta zama aiki. Likitan da ya duba ni ya ce jijiyar da ke cikin haƙorin ce ta mutu, shi ya sa na daina jin ciwo, alhali ƙwayoyin cuta suna can suna tara mugunya a saiwa. Sai da aka tsaga aka matse, na yi kwana biyar a kwance, kayan mutane suna jira a tasha. Idan Inna ta wayi gari ta ce ta daina jin komai, ranar ce ya kamata ku fi gaggawa.

Mai sayar da kayan yaji, Kasuwar Kurmi, Kano

Alhaji direba, Allah ya ƙara kiyayewa, amma ina so a yi wa kanumfari adalci. A cikinsa na tashi, domin mahaifina ma shi yake sayarwa tare da citta da masoro da kimba, kuma ni kaina ya fisshe ni a jajibirin wata Sallah da ba zan iya rufe rumfa ba. Dare uku ya riƙe ni, kasuwa na tashi na je aka cire haƙorin. Inda mutane ke shan wahala shi ne sayen wanda aka riga aka tatse mansa aka sake busarwa, wanda a ido kanumfari ne amma a baki itace ne kawai. Mai kyau yana da nauyi, kansa na nan bai ɓalle ba, kuma idan aka danna farce a jikinsa sai an ga maiƙo. In kina shakka, Malama, jefa shi a kofin ruwa: mai mai yakan nutse ko ya tsaya a miƙe kai sama, tatacce kuwa kwanciya yake yi a saman ruwa.

Malamin gona, Sakkwato

Ni nawa ciwon a ƙarƙashin bishiyar kanumfarin kanta ya kama ni. An tura ni horo Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, wani abokin karatuna ɗan tsibirin Pemba ya gayyace ni gida lokacin hutu, muka haye teku muka sauka a garin Mkoani ana tsakiyar tsinkar kanumfari. Tun daga bakin hanya ƙamshi ke tarbar mutum, domin kowace ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi an baza shanya, wata kore, wata ja, wata ta riga ta koma ruwan ƙasa mai duhu irin wanda muka sani a kasuwa.

Kafin wannan tafiya na ɗauka 'ya'yan wani tsiro ne. Ashe bishiya ce sosai, takan kai mita 8 zuwa 12, ganyenta na sheƙi kuma ba ta kaɗe shi rani da damina, sabon toho ja-ja ne, in ka murje ganye ɗaya a tafin hannu ƙamshin nan ne zai tashi. Abin da muke taunawa furenta ne da bai kai ga buɗewa ba. Ana jira ya fara juyawa daga kore zuwa ja sannan matasa su hau su tsinko da hannu, domin in ya buɗe darajarsa ta faɗi. Da dare iyali kan zauna a tsakar gida suna goga kowane damin fure a tafin hannu don raba shi da tsinkensa, sai a yi kwanaki ana shanya har nauyinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Hawan nan yana da haɗari, rassan ba su da ƙwari, kuma na ga magidancin da ke tafiya da sanda saboda faɗowar da ya yi. Tun daga ranar ban sake yi wa mai kayan yaji dogon ciniki a kansa ba.

Bishiya ce mai son ruwan sama da yawa da danshin iskar teku, shi ya sa ba za ta yi a yankinmu na Sakkwato ba. A Pemba ma baƙuwa ce. Asalinta tsibiran Maluku ne na Indonesiya, irin su Ternate da Tidore, inda Turawan Holan suka daɗe suna hana a fitar da irinta, har wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka saci dashe zuwa tsibirin Morishiyas a 1770. Daga wannan yanki ta iso tsibiran Zanzibar, waɗanda Pemba ke cikinsu, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya matsa aka cika gonaki da ita, da gumin bayi aka yi aikin. Guguwar 1872 ta karya mafi yawan bishiyoyin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, daga nan Pemba ta karɓi ragama. Mutanen can suna ce masa karafuu, mu kanumfari, duka daga ƙaranful na Larabci.

A dare na uku haƙorina ya motsa. Mahaifiyar abokina ta debo busasshe daga tabarma ta daka ƙwaya biyu, ta ɗiga ruwa ta cuɗa, ta ce in manna a wurin. Ban taɓa jin mai ƙarfi irinsa ba, harshena da leɓena suka yi nauyi, na yi barci har kiran sallah. Da gari ya waye kuma ita ce ta tasa ɗanta gaba ta ce ya kai baƙo garin Chake Chake a duba masa, kuma a can aka yi mini ciko. Malama, ki faɗa wa Inna cewa tsohuwar da ta shekara sittin tana shanyar kanumfari dare ɗaya ta yarda in dogara da shi.

Uwar yara huɗu, Jos

Ni kuskure na yi, kuma har yau yana ci mini rai. Ɗana mai shekara shida ya kwana yana kuka, sai na ɗauko man kanumfari na ƙaramar kwalba da na saya a shagon magani, na jiƙa auduga sharkaf na cusa masa, a tunanina abin da muke zubawa a kunu da zoɓo ba zai cutar da yaro ba. Ihun da ya yi ya fi na farko. Da safe dasashinsa da cikin kumatunsa sun yi fari kamar an zuba ruwan zafi, ya yi kwana huɗu ba ya iya cin komai sai koko mai sanyi. Don Allah iyaye, ƙwaya daban, man kwalba daban.

Ma'aikaciyar lafiyar haƙori, Katsina

Maman yara, Allah ya raya su, kuma na gode da kika faɗa, domin ba ke kaɗai ba ce. Da yawa daga cikin waɗanda ke zama a kujerata tun kafin su buɗe baki nake jin ƙamshin kanumfari, kuma ba na yi musu faɗa, ni ma na taɓa kwana da shi a kunci. Sinadarin da ke aikin ana kiransa yujinol, shi ne kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na man kanumfari. Yana kwantar da jijiya na ɗan lokaci, yana kuma kashe wasu ƙwayoyin cuta a inda ya taɓa. Mu ma muna amfani da shi: ana kwaɓa shi da wani farin gari na sinadarin zinki a yi cikon wucin gadi. Sai dai mu sai mun kankare ruɓar tukuna, wanda kuwa aka tura a gida a kan ruɓar yake zama, tana ci gaba da nutsawa a ƙarƙashinsa. Wannan ne dalilin da ƙwaya ɗaya ta daina kai Inna asuba.

Tsantsar man yana ƙona dasashi, kuma ɗan kaɗan idan ƙaramin yaro ya haɗiye yana iya lalata masa hanta, saboda haka a ɓoye kwalbar kamar yadda ake ɓoye kananzir. Mai shan maganin tsinka jini ma ya yi hattara, domin yujinol yana rage saurin daskarewar jini. Kumburin fuska ko haɓa, zazzaɓi, kasa buɗe baki ko kasa haɗiya, waɗannan ba a jira gari ya waye a kansu. Batun ido kuwa, Malama, ki kwantar mata da hankali: cire haƙorin sama ba ya makantar da mutum, mugunyar da aka bari ce ke iya hawa ta kumbura gefen ido. Kuma ba kowane haƙori ake cirewa ba, in an zo da wuri.

Malamar firamare, Zariya

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Inna amsoshinku ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru a kan labarin Alhaji direba, amma maganar tsohuwar Pemba ce ta sa ta ce a ɗauko mata mayafi. Turmin ya riga ya ruɓe har ƙasa, dole aka cire shi, idonta kuma lafiya ƙalau, da kanta ta zura zare a allura da yamma don ta tabbatar. Na kusa da shi ma an samu ƙaramin kogo, aka kankare aka yi masa cikon wucin gadi, za mu koma bayan mako biyu. Da likitan ke kwaɓa farin abin nan a kan gilashi, Inna ta ja numfashi ta hanci, ta ɗaga hannu ya dakata, ta tambaye shi ko kanumfari ne, ya ce mata shi ne, Hajiya.