Hita ta lalace, mai gida da majalisar gari sun yi shiru

Assalamu alaikum. Ina haya a wani ƙaramin gari da ke gefen Minneapolis, jihar Minnesota. Yau kwana 19 hitar gidan ba ta ɗumama komai. Da asuba ma'aunin zafi na falo digiri 55 na Fahrenheit yake nunawa, alhali tun 2024 dokar jihar ta wajabta wa mai gida digiri 68 na Fahrenheit daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu. Da rigunan sanyi yarana biyu suke kwana.

Na rubuta wa mai gidan takarda, ko amsa babu. Na kira masu duba gidajen haya na garin, jami'insu ya zo da tsakar rana, lokacin da rana ta ɗumama ɗakin, ya rubuta babu matsala. Na je zaman majalisar gari, aka ba ni minti uku, aka ce za a duba. Abin da ya fi ƙona min rai, su ne ke sabunta wa mai gidan lasisin haya.

Doka ta yarda in ajiye kuɗin haya a kotu bayan kwana 14 da ba shi takarda. In na yi hakan, rahoton jami'in nan zai iya kayar da ƙarata?