Bajaj na ta samun riba mai yawa, mu kuma Boxer ta gagare mu saye, to daga ina kuɗin ke fitowa?

Abban_Rikkos ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin lissafin kamfanoni ku taimaka min da bayani, abin nan ya tsaya min a rai. Ni sana'ata sayen keke Napep da mashin ina ba yara suna kawo balas, wato kuɗin da suke ajiye min daga abin da suka samu, keke a nan cikin Jos, mashin kuma sai ƙauyukan waje tunda an hana goyin, wato acaɓa, a cikin gari tun zamanin gwamna Jang. To ɗan yayana ne ya nuna min labari a waya wai kamfanin Bajaj na Indiya ya samu ribar da bai taɓa samun irinta ba tun da aka kafa shi, ni kuma abin da na sani Boxer ɗin da muke ɗauka ƙasa da dubu ɗari uku kafin korona yanzu ta haura miliyan, keke kuma ba a ma magana, duk wanda na sani a harkar nan ya rage saye wasu sun daina gaba ɗaya sun koma na hannu. To in mu mun rage saye ya aka yi ribarsu ke ƙaruwa? Ko ƙarin kuɗin da muke biya ne ke tafiya aljihunsu? Kuma in sun samu riba haka akwai fatan su sauko mana da farashi, ko in haƙura da jira? Da gaske nake tambaya don akwai yara uku da ke jiran in sayo musu abin hawa kuma duk masu iyali ne.

Akanta_Bukuru ya rubuta:

Wa alaikumus salam Alhaji. Labarin gaskiya ne, amma ribar ba daga wajenmu ta fito ba, hasali ma ta tashi ne daidai lokacin da cinikinsu ya faɗi a Najeriya.

Shekarar lissafinsu tana farawa Afrilu ta ƙare Maris. A shekarar 2022/23 kuɗin da suka shigo musu rupee (kuɗin Indiya) biliyan 364 ne, riba bayan haraji biliyan 56. A 2023/24 kuɗin shiga ya kai kusan biliyan 447, riba kusan biliyan 75. A 2024/25 suka taɓa biliyan 500, riba biliyan 81 da ɗoriya, in ka juya zuwa dala ribar ta kusa biliyan ɗaya. To yanzu dubi abin da suka fitar ƙasashen waje, a 2021/22 wajen miliyan 2.5 ne mashin da keke, shekarar da ta biyo baya ya sauko miliyan 1.8, ta gaba kuma miliyan 1.6, kuma su da kansu shugabannin kamfanin sun yi ta ambaton Najeriya a matsayin babban dalilin faɗuwar don mu ne babbar kasuwarsu ta waje a lokacin, ana sayar da wajen dubu 50 a wata lokacin da abubuwa ke tafiya daidai. Sai Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a tsakiyar 2022, sai canjin kuɗi a farkon 2023 da mutane suka rasa takardar naira a hannu, kuma ka san mashin da tsabar kuɗi ake saye, sai cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, sai aka saki farashin naira a watan Yuni ta faɗi. Abu huɗu a jere.

Inda ribar ta fito gida ne, Indiya. Can suna sayar da Pulsar da sauran manyan mashina masu tsada, ga mashinan kamfanonin Turai KTM da Triumph da suke ƙerawa a masana'antarsu ta Chakan kusa da Pune, ga Chetak mai lantarki, ga keke da suka riƙe kasuwarsa a can sosai. Ribar da ke kan mashin ɗaya mai cc 400 ba ɗaya take da ta Boxer ba wadda an yi ta ne don ta yi araha ta jure wahala.

Shi kuma farashin nan, bari in ba ka misali kawai ba wai ainihin kuɗinta ke nan ba. A ce mashin ya iso kan dala 700. Lokacin da dala take naira 460 a banki kuɗinsa dubu 322 ke nan, da dala ta kai 1,500 ya zama miliyan ɗaya da dubu 50, shi mai kamfani a Indiya dala 700 ɗinsa ce dai bai ƙaru da ko sisi ba. Ka ɗora kuɗin kwastan da shi ma da farashin dala ake lissafa shi, da kuɗin tirela daga Legas zuwa nan da dizal ya yi tsada.

Dan_Dilimi ya rubuta:

Malam Akanta ya yi bayani Allah ya saka. Ni abin da zan ƙara daga cikin shagona na kayan gyara nake ganinsa. Tunda sabo ya gagara mutane sun koma gyara, mashin ɗin da a da in ya shekara biyu ana sayar wa mutanen ƙauye a sayi sabo yanzu sai a sauke inji a sa fistin da ringi a canza kulochi a ci gaba da lallaɓawa, kullum bakanike na tsaye a bakin shago da tsohon fistin a hannu yana cewa a ba shi irinsa. To su ma kamfanin kayan gyara wani babban ɓangare ne na cinikinsu, amma a nan kasuwar mafi yawan abin da ke tafiya ba nasu ba ne, na China ne, don in na ajiye wa mutum na asali da kwafi ya ji bambancin kuɗi wlh cikin goma da kyar biyu za su ɗauki na asali, kuma ba don ba su san ya fi ƙarko ba, abin da ke aljihu ne bai kai ba. Kenan ko ta nan ma kuɗinmu ba duka yake isa Indiya ba.

Alhaji in za ka ɗauki na hannu ka je da bakanikenka, a kunna inji da sanyin safiya kafin ya yi zafi a duba hayaƙi, kuma kar ka biya sai ka ga takardun asali lambar inji ta yi daidai da ta jiki, yanzu kayan sata sun yi yawa.

Maman_Ilham ta rubuta:

Ni dai Malam Akanta ban gamsu duka ba gaskiya. Na yarda naira ce ta faɗi amma kamfanin da ke samun riba irin wannan, kuma shekara da shekaru 'ya'yan talakawan ƙasar nan ne ke hawan kayansu rana da ruwan sama har sunan Boxer ya zama sunan mashin, ai ya kamata a ce ya sassauta a lokacin ƙunci ko da ribarsa za ta ɗan ragu. Mu mata da muke haɗa adashi mu sayi keke mu bayar, yanzu kwasa ɗaya ba ta sayen ko rabin keke, in ka saya kuma dole ka ɗaga balas, yaro ya fita tun asuba daga Terminus zuwa Farin Gada zuwa Bauchi Road yana zagaye, man da a da yake sha ƙasa da naira 200 lita ya taɓa haura dubu ɗaya a ƙarshen 2024, da yamma ya zo ya ajiye maka balas ka ga abin da ya rage a hannunsa ba zai yi cefane ba, sai kunya ta kama ka karɓa. Wannan shi ne ke damuna ba lissafin rupee ba.

Akanta_Bukuru ya rubuta:

Hajiya maganarki gaskiya ce kuma ribarsu ba ƙarama ba ce, cikin kowace rupee 100 ta ciniki kusan 20 ke rage musu kafin a cire haraji da sauransu, a harkar ƙera abin hawa wannan babban kaso ne. Amma kamfani ne na masu hannun jari, su ake yi wa aiki, a farkon 2024 ma rupee biliyan 40 suka ware suka sayi hannun jarinsu daga wajen masu shi ban da ribar da ake rabawa duk shekara. Kuma ki dubi inda sauran kuɗin ke tafiya, sun buɗe masana'anta a Manaus ta ƙasar Brazil a 2024 don kasuwar Latin Amurka ce ke tashi, sun fito da mashin Freedom 125 mai amfani da gas a watan Yulin 2024, sannan da KTM ta Austriya ta durƙushe da bashi a ƙarshen 2024 su ne suka nemo wajen yuro miliyan 800 a 2025 don ceto ta su karɓi ragamarta.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A da in kasuwar Najeriya ta girgiza sai an ji a lissafinsu, yanzu sun gwada sun ga cinikinmu zai iya faɗi su kuma riba ta ci gaba da hawa, fitar da kayansu waje ma ya farfaɗo ya haura miliyan 1.8 a 2024/25 kuma Latin Amurka ce ta ja gaba. Wanda ba ya tsananin buƙatarka ba shi da dalilin rage maka. Abin da zai iya sauko da farashi a nan biyu ne, naira ta yi ƙarfi ta zauna wuri ɗaya har tsohon kayan da dillalai suka shigo da shi da tsada ya ƙare, ko kuma gasa ta matsa musu, TVS ta Indiya da kamfanin Simba ke kawowa ta riga ta kama kasuwar keke sosai, ga Honda da ke haɗa mashin Ace a Ota, ga Hero ta Indiya ga na China irin su Haojue.

Abban_Rikkos ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, yanzu na gane. Kenan jiran su rage don sun ci riba ba dabara ba ce. Hajiya abin da kika faɗa kan balas nima shi ke hana ni barci, shi ya sa nake tunanin in ɗauki na hannu biyu maimakon sabo ɗaya don balas ɗin ya yi wa yaran sauƙi. Dan Dilimi tsakanin Bajaj da TVS wanne ya fi sauƙin kayan gyara a nan, keke nake nufi?

Dan_Dilimi ya rubuta:

Ranka ya daɗe duka biyun akwai kayansu a kasuwa ba za ka sha wahalar nema ba, abin da za ka duba shi ne bakaniken da ke kusa da inda yaran ke kwana wanne ya fi sabawa da shi, don keke in ya tsaya da daddare a Rikkos ba za ka turo shi Dilimi ba. Kuma ka ware kuɗin taya da baƙin mai da batir daban tun kafin ka biya kuɗin keken, na hannu kusan kullum sai an canza su a watan farko, kar ka ɗora wa yaro wannan a cikin balas.