Neman shawara: da wanne zan fara kafin Dawn of War IV ya fito?

Sadiƙu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ga sanarwar wasan kwamfuta na dabarun yaƙi Dawn of War IV da aka yi a taron baje kolin wasannin bidiyo na Gamescom a Jamus cikin Agustan 2025, inda aka ce zai fito a 2026. Ban taɓa buga ko ɗaya daga cikin na baya ba, kuma laftof ɗina tsohuwa ce mai RAM gigabait 8, ba ta da katin hoto (graphics card) na daban. Ina roƙon yayyena su ba ni shawara: da wanne ya kamata in fara, kuma ya dace in biya kuɗin sabon tun kafin ya fito?

Malam Nafi'u, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da Dark Crusade na 2006, wanda ƙari ne a kan Dawn of War na farko, domin a wata ƙagaggiyar duniya mai suna Kronus aka yi yaƙinsa, kuma can ne na huɗun zai koma. Rundunoni bakwai ne ke rikici a kan taswira guda, kana cin yanki bayan yanki har ka kai ga hedikwatar abokin gaba. A nan ne za ka gane abin da ya bambanta wannan jerin da sauran wasannin dabarun yaƙi: ba a tura ma'aikata haƙar ma'adinai, sai dai ka aika sojoji su kafa tuta a muhimman wurare, kuma yawan wuraren da ka riƙe shi ne yawan kuɗin yaƙin da ke shigo maka. Saboda haka wanda ya lafe a sansaninsa yana ta gini, talauci ne zai ci shi tun kafin abokin gaba ya iso.

Ka gwada Necrons musamman, tunda suna cikin rundunoni huɗu da aka sanar, tare da Space Marines da Orks da Adeptus Mechanicus. Su Necrons sojojin ƙarfe ne, tafiyarsu kamar ta hawainiya ce, da lantarki kawai suke gina komai, amma wanda ya faɗi a cikinsu yana iya sake miƙewa ya ci gaba da harbi. Kwamfutarka za ta ɗauki tsohon wasan ba tare da wahala ba.

Hajara, Daura:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma wanda bai saba da irin wannan wasa ba hannunsa ya kamata ya fara horarwa. Ni StarCraft II zan ba shi shawara, domin tun Nuwamban 2017 kamfanin Blizzard ya mayar da labarin Wings of Liberty kyauta, kuma kusan kowane mataki sabon soja guda yake koya maka. A can ne mutum yake sabawa da ɗaure runduna a kan lambobin kibod, ya riƙa leƙa ƙaramar taswira yana gini a lokaci guda. Matsalarsa ɗaya ita ce nauyi, don yana neman wajen gigabait 30, sai dai a sauke shi da datar dare.

Malam Nafi'u:
Gaskiya ne, Malama Hajara, sai dai saurin StarCraft yana iya sa sabon shiga ya karaya idan ya shiga karawa da wasu 'yan wasa ta intanet. Idan zai tsaya a kan labarin kawai, na amince.

Bishir, Ƙofar Ƙaura:
Ni tambaya ta biyu zan amsa, kuma amsata ita ce kada ka biya ko sisi tukuna. Kamfanin Relic ne ya yi ukun farko, amma wannan karon King Art Games na birnin Bremen aka ba aikin. Wanda yake son sanin hannunsu ya duba Iron Harvest da suka fitar a 2020, mai manyan injinan yaƙi masu tafiya da ƙafa. Sun iya tsara labari da zane, amma a ganina sojojin wasan suna da nauyin jiki wajen bin umarni, kuma wannan ne abin da zan fara dubawa a sabon.

Tarihin jerin kansa ma ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. Na biyu, na 2009, ya kusan kawar da ginin sansani gaba ɗaya, ya koma kan 'yan ƙananan rundunoni masu fakewa a bayan bango da duwatsu. Wasa ne mai kyau, amma ba shi ne magajin na farko ba. Na uku kuwa, na 2017, ya nemi haɗa salon biyun, bai gamsar da masoya ko wanne ba, har aka daina sabunta shi a 2018. An yi alkawarin cewa na huɗu zai dawo da ginin sansani da manyan rundunoni, to amma bidiyon talla ba ya nuna yadda wasa zai yi a kan laftof ɗin da ke aiki da batiri bayan an ɗauke wuta, fanka tana kuka cikin zafin Afrilu.

Sadiƙu:
Na gode ƙwarai. Yaya Bishir, ke nan in dakata da sayen sabuwar kwamfuta ma? Kuma na ga akwai Definitive Edition na 2025, wato wasan farko da aka sabunta, shi zan saya ko tsohon?

Bishir:
Ka dakata har wasan ya fito, ka ga yadda ya yi a kan kwamfutocin mutane, sannan ka nemi mai katin hoto na daban. Idan ka saya a Steam, wato kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ka sani suna mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga fiye da awa 2 ba, don haka ka yi gwajin farko a babban fagen daga mai cike da sojoji.

Malam Nafi'u:
Definitive Edition ya haɗa ainihin wasan 2004 da Winter Assault da Dark Crusade da Soulstorm a wuri guda, amma ya fi tsohon neman ƙarfin na'ura, saboda haka ka kwatanta ƙarfin na'urar da suka rubuta yana buƙata da na laftof ɗinka kafin ka biya. Idan ba gaggawa kake yi ba, Steam yana rage farashi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo shago da laftof ɗin mu duba ta tare.